Kano zuwa Jidda: Yadda "Awa Huɗu da Rabi" Ta Rikita Lissafin Wani Kamfanin Umra

Asalin lamarin

Kamfanin ƙarami ne, na shirya Umra da aikin Hajji ta jirgin yawo, ofishinsa yana cikin birnin Kano. Ma'aikata biyar ne, sai malami guda da yake yi wa maniyyata bita kuma yake raka su. A shekara sukan fitar da ayari huɗu ko biyar, kowanne cikin bas guda, wato mutum 40 zuwa 48. Kusan rabin mutanensu ba mazauna Kano ba ne. Akwai na Katsina, Haɗeja da Gumel, akwai masu tsallakowa daga Damagaram da Maraɗi.

Duk aikin kamfanin ya rataya ne a kan takarda guda da ake raba wa matafiya da iyalansu, a kuma tura wa wakilinsu na Jidda. A cikinta aka rubuta lokacin hallara a filin jirgin Malam Aminu Kano, lokacin tashi, lokacin sauka, lokacin da bas zai zo, da lokacin shiga masauki. Ginshiƙin takardar lamba ɗaya ce: Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi.

Lambar ba ƙirƙira ba ce. Idan aka ja zare a kan taswirar duniya mai siffar ƙwallo daga filin jirgin Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400. Zaren yana bi ta gefen Diffa da Tafkin Chadi, ya ratsa tsakiyar Chadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya haye Kogin Nilu a arewa da Khartoum, ya faɗa Bahar Maliya. Jirgin fasinja idan ya daidaita a sama yana cin kilomita 830 zuwa 900 a awa, gwargwadon irinsa. A raba 3,400 da 830, an sami awa huɗu da 'yan mintoci. A ƙara rabin awa na gangarawa zuwa titin tashi, da hawa, da saukowa, lokutan da jirgi ba ya kan cikakken gudunsa, sai a tashi da awa huɗu da minti 40 ko kusa da haka. Madina ta ɗan fi nisa, kimanin kilomita 3,550, ƙarin minti goma ke nan.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. Saboda haka tsarin da suka saba shi ne: tashi ƙarfe 11:00 na dare, sauka ƙarfe 3:40 a agogon Kano, wato 5:40 na asuba a Jidda. Awa biyu wajen duba fasfo da ɗaukar kaya, awa ɗaya da rabi a bas zuwa Makka, wadda take kusan kilomita 100 daga filin jirgin. Kafin ƙarfe tara da rabi na safe an isa. Shekara da shekaru haka ake yi, kuskuren bai cika wuce awa guda ba.

Afrilu 2023: komowar bayan Sallah

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, wadda ta dace da 24 ga Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Khartoum, aka rufe sararin samaniyar Sudan. A lokacin kamfanin yana da mutum 46 a Makka suna Umrar goman ƙarshe. An yi Sallah ranar Juma'a 21 ga wata, aka shirya komowa a makon da ya biyo.

Daga cikin kilomita 3,400 ɗin nan, kimanin 1,400 a saman Sudan suke, kashi biyu cikin biyar na hanyar ke nan. Kuma ba gefe Sudan take ba balle a ɗan kauce mata, a tsakiya take. Daga arewa akwai Libiya, wadda kamfanonin jirage da dama suke gudun samanta tun da daɗewa. Daga kudu akwai Sudan ta Kudu, amma ita ma cibiyar Khartoum ce take kula da jiragen da ke bi ta can ƙololuwar samanta, don haka da Khartoum ta yi shiru sai wannan hanyar ma ta toshe a farkon lamarin. Abin da ya rage shi ne dogon zagaye: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, arewacin Kwango, Yuganda, Kenya, Habasha, sannan a haura ta Bahar Maliya. Idan aka auna ta Entebbe da Addis Ababa, Kano zuwa Entebbe kusan kilomita 2,950 ne, Entebbe zuwa Addis 1,200, Addis zuwa Jidda 1,400. Jimilla ta haura 5,500. Ƙarin kilomita 2,100, wato awa biyu da rabi.

Takardar kamfanin ta ce za a tashi Jidda ƙarfe 1:00 na rana a sauka Kano kafin ƙarfe 4:00 na yamma. Ofis ya ji labarin zagayen, ya tura saƙo a zauren WhatsApp na iyalai cewa a sa ran sauka wajen magariba.

Jirgin ya sauka ƙarfe 10:00 na dare. Abin da ofis bai lissafa ba shi ne, jirgin da zai kwaso su shi ma daga Najeriya ya taso, shi ma zagayen ya yi, ya iso Jidda a makare da awa biyu da rabi. Shan mai mai yawa da sake takardun hanya suka ci wani lokacin. Bai bar Jidda ba sai ƙarfe 5:00 na yamma, ya yi awa bakwai a sama, ya sauka ƙarfe 12:00 na dare a agogon Jidda. Ƙarin awa biyu da rabi a hanya ya zama jinkirin awa shida a ƙasa. Mutane ba su gama fitar da kaya da jarkokin zamzam ba sai wajen sha ɗaya da rabi. 'Yan Kano suka tafi gida. Na Katsina, Haɗeja da Damagaram ba wanda zai kama hanya a wannan lokacin, sai kamfani ya nemi ɗakuna ya kwantar da mutum 19 da 'yan tarbarsu, kuɗin da ba ya cikin lissafi.

Mayu zuwa Yuni 2023: gyara na farko, ƙara awa biyu

Matsalar ba ta wannan kamfani kaɗai ba ce. A watan Mayu kamfanonin jiragen da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta zaɓa don jigilar shekarar sun nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci saboda rufewar saman Sudan. Aka fara jigila ranar 25 ga Mayu daga Abuja.

Gyaran da ofis ya yi mai sauƙi ne. Aka buɗe tsohuwar takarda a kwamfuta, duk inda aka ga lokaci bayan tashi aka ƙara masa awa biyu. Sauka 7:40 na safe maimakon 5:40, sauran ma haka.

Ayarinsu na Hajji ya tashi a tsakiyar Yuni, kwanaki kafin Arfa da ta kama 27 ga wata. Abubuwa uku suka ɓaci.

Na farko, jirgin ya yada zango a hanya don shan mai. Jirgin da aka ba su matsakaici ne, mai layin kujeru uku-uku, irin wanda a cike bai cika wuce kilomita 5,000 da 'yan kai ba. Tsohuwar hanya tana cikin ƙarfinsa sosai, sabuwar kuwa ta kai shi maƙura, ga man ajiya da doka ta wajabta na karkata zuwa wani filin da na jira a sama. Zafin Kano ma yana da hannu. Filin yana kan tudu na kusan mita 470, idan iska ta yi zafi sai ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu. Dole ɗayan biyu: a rage fasinja da kaya, ko a rage mai a tsaya a hanya. Tsayawar ba ta taɓa yin ƙasa da awa guda idan aka haɗa saukowa, shan man da sake hawa. Ta wannan rana ta ci awa ɗaya da kwata. Aka sauka Jidda bayan ƙarfe tara.

Na biyu, awa biyun da takarda ta ware na fita daga filin jirgi lissafin Umra ne. Mahajjata ta tashar alhazai mai rumfunan tanti ake bi da su, kuma basukan Hajji ba a hannun kamfani suke ba, layi ake bi. Ayarin ya yi awa biyar a wurin. Abincin da aka ba su na ƙarshe a jirgi ne, tun da asuba. Akwai masu ciwon suga uku a cikinsu, biyu sun sa maganinsu a babbar jaka. Aka isa Makka bayan la'asar, a kwanakin da zafi yake haura 45 a ma'auni.

Na uku shi ne ya fi tayar da hankalin mutane, kuma ba wanda ya yi tunaninsa: miƙati. Malamin ayarin ya daɗe yana karantar da fatawar da wasu malamai suka bayar cewa wanda ya taho daga yamma sak, ya haye Bahar Maliya ta wajen Sawakin ya faɗo Jidda, bai daidaici wani miƙati ba kafin isowarsa, don haka yana iya yin harama a Jidda. Akwai saɓani a kan wannan, amma a kansa ayarinsu yake, kuma da yawa sukan bar haraminsu a babbar jaka sai an sauka. To yanzu jirgin ba daga yamma yake zuwa ba. Daga kudu yake haurowa, ta gefen Iritiriya, kuma kafin ya kai Jidda sai ya daidaici Yalamlam, miƙatin mutanen Yaman. Da ma ta Masar ya biyo, da Juhfa zai daidaita, kusa da Rabig. Kimanin minti 20 kafin sauka aka yi sanarwa. Maza 11 ba su da harami a hannu. Jirgi a wannan matakin yana cin kilomita goma ko fiye a minti guda, kafin mutum ya gama tambayar na kusa da shi an wuce. Komawa miƙati daga tashar alhazai ba abu ne mai yiwuwa ba a lokacin Hajji, fasfo ma ba a hannun mutum yake ba. Malamin ya yanke musu hukuncin da aka sani: wanda ya ƙetare miƙati bai yi harama ba kuma bai koma ba, jini ya hau kansa, wato sai ya yanka dabba. Kamfani ya raba kuɗin dabbobin da su, don a zauna lafiya.

Satumba 2023: gyara na biyu, zaɓen hanya da kilomita

Bayan Hajji ofis ya yanke shawarar barin jirgin kai tsaye, tunda ya zama na awa bakwai, a koma masu yada zango. Wani matashin ma'aikaci ya shiga shafukan intanet masu auna nisa tsakanin garuruwa ya fito da jadawali:

Ta Alƙahira: 3,100 da 1,200, jimilla kilomita 4,300.
Ta Addis Ababa: 3,300 da 1,400, jimilla 4,700.
Kai tsaye da zagaye: 5,500.

Lambobin daidai suke a matsayin nisan zare. (A zubin farko ma ya kwafo 1,850 a matsayin nisan Kano da Jidda, ya raba da 850 ya sami awa biyu da minti goma. Shafin da mil na teku ya ba shi, wanda kowanne kilomita 1.852 ne. Da mil na tudu kuwa 2,130 zai gani. Nisa ɗaya, lambobi uku.) Aka zaɓi Alƙahira don Umrar watan Maulidi.

Don a rage kuɗi, aka sayi tikiti biyu daban-daban: Kano zuwa Alƙahira a wuri guda, Alƙahira zuwa Jidda a wani kamfanin. An kama kujerun zango na biyu tun kafin a tabbatar da jadawalin na farko, don haka ma'aikacin ne ya lissafa lokacin sauka da kansa. Tashi ƙarfe 1:00 na rana, kilomita 3,100 awa huɗu da kwata, 5:15 ke nan a agogon Kano. Masar tana gaba da awa ɗaya, 6:15. Jirgi na biyu ƙarfe 9:30 na dare. Ratar awa uku da kwata, ta isa.

Kuskure biyu ne a ciki. Masar ta dawo da tsarin tura agogo gaba a lokacin zafi a shekarar 2023, daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba. A watan Satumba tazararta da Najeriya awa biyu ce, ba ɗaya ba. Sannan zaren Kano zuwa Alƙahira yana bi ta kudu maso gabashin Nijar, arewacin Chadi da kusurwar Libiya, yankin da a shekarar ba a bin sa yadda aka ga dama. Nijar ma ta rufe samanta ranar 6 ga Agusta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta buɗe ba sai 4 ga Satumba. Jirgin ranar ya yi awa biyar. Ya sauka ƙarfe 8:00 na dare a agogon Alƙahira. Rata ta koma awa ɗaya da rabi.

Ga mutum ɗaya mai jakar hannu, wataƙila da ya tsira. Ga mutum 42, da kekunan guragu huɗu, da kayan da ba a ɗaure su har Jidda ba saboda tikitin ba ɗaya ba ne, babu hali. Ana rufe teburin karɓar kaya awa guda kafin tashi. Jirgi ya tafi. Kamfani na biyu ba ruwansa, a wurinsa fasinja ne ba su zo ba. Na farko kuma ya sauke nauyinsa tunda ya kawo su inda tikiti ya ce. Aka sake sayen kujeru, aka raba ayarin jirgi biyu, na ƙarshe ya tashi bayan awa 11. Bas ya yi jiran banza a Jidda aka biya shi, aka sake biyan wani. Daren farko na masauki ya tafi ba wanda ya kwana a ciki. Hanyar da ta fi gajarta a takarda ta cinye awa 24 da ɗoriya daga ƙofar filin Kano zuwa ƙofar masauki.

Disamba 2023: hazo

Ayarin hutun ƙarshen shekara ya bi ta Addis Ababa, a wannan karon da tikiti guda har Jidda da ratar awa uku. Ranar tafiya hazon hunturu ya rufe Kano, jirgin da zai ɗauke su bai samu sauka a kan lokaci ba, aka tashi a makare da awa huɗu. Sun rasa jirgi na biyu, amma da yake tikitin ɗaya ne, kamfanin jirgin ne ya sauya musu kujeru ya kuma kwantar da su, kaya ma suka bi su. Asarar da aka yi ta bas ce kawai, domin wakilin Jidda yana riƙe da lokacin da ke takarda, ba wanda ya tuna ya kira shi sai da direba ya gaji da jira.

Janairu zuwa Fabrairu 2024: sabon tsari

A nan aka ajiye tsohuwar takarda gaba ɗaya. Abin da aka gina a madadinta yana da sassa kamar haka.

Lokacin tafiya an daina lissafa shi daga nisa. Mako biyu kafin kowace tafiya, ma'aikaci yana buɗe Flightradar24, shafin intanet mai bin sawun jirage, ya nemi lambar jirgin da za su hau, ya kwafe tashinsa na kwanakin baya: yaushe ya ɗaga a zahiri, yaushe ya sauka, ta wace hanya ya bi. Ana ɗaukar mafi tsawo a cikinsu, ba matsakaici ba. Wannan ne ya nuna musu cewa zagayen ya ragu. An shata hanyoyin wucin gadi ta saman Sudan ta Kudu, kuma idan aka auna ta Juba da Addis nisan ya dawo kusan kilomita 5,000, awa shida da rabi ke nan. Ya kuma nuna musu cewa zuwa da komowa ba sa yin daidai. A hunturu iskar can sama mai ƙarfi daga yamma take kaɗawa a wajajen arewa, tana tura mai zuwa gabas tana danne mai komowa. Da damina kuwa, a saman Sahel da Habasha, iskar daga gabas take, sai abin ya juye. Bambancin yakan kai minti 15 zuwa 30.

Sun kuma koyi bambanta lokaci biyu da ake rikitawa. Wanda ke kan tikiti daga janye jirgi daga ƙofa ne zuwa tsayawarsa a wata ƙofar, har da gangarawa da jira. Wanda matuƙi yake sanarwa kuwa na sama ne zalla, daga ɗagawa zuwa taɓa ƙasa. Na biyun yakan gaza na farko da minti 20 zuwa 30.

Babban canjin shi ne sifiri, wato lokacin da ake fara ƙirga daga gare shi. Babu sauran lokacin da aka rubuta da ƙarfe kaza bayan tashi. An rubuta komai da "awa kaza bayan ɗagawa". Ma'aikaci guda yana zaune a filin Kano har sai ya ga jirgi ya ɗaga, sannan ya tura saƙo ɗaya ga wakilin Jidda da zauren iyalai. Daga nan kowa ya lissafa. Ɗagawa da awa shida da rabi, sauka. Ƙarin awa biyu zuwa uku, fita. Bas daga Makka awa ɗaya da rabi yake buƙata, saboda haka ko bayan jirgi ya tashi akwai sanarwar awa shida, wadda ta ishi kowane kamfanin bas. Aka sake yarjejeniya da masu bas a kan haka: a kama rana, a tabbatar da sa'a bayan ɗagawa. Idan tafiyar mai zango ce, sifirin shi ne ɗagawar jirgi na biyu.

Kowane lokaci ana rubuta shi sau biyu, agogon Kano da agogon wurin, a layi biyu masu launi daban. Habasha da Saudiyya agogonsu ɗaya duk shekara. Masar ce ake dubawa da kwanan wata.

Tikiti guda har ƙarshe, ratar zango kada ta gaza awa uku kada ta wuce shida. Daga Disamba zuwa Fabrairu ana neman huɗu saboda hazo.

Ga jirgin haya mai kai-komo, an ƙara tambaya ɗaya da ake yi wa mai jirgin: daga ina jirgin zai taso, kuma matuƙan da suka kawo shi su ne za su mayar? Ƙa'idar da aka fi bi ba ta barin matuƙa biyu su wuce kimanin awa 13 a bakin aiki, da dare ma ƙasa da haka. A da, zuwa da komowa da tsayawar tsakani suna iya shiga cikin wannan da ƙyar. Da hanya ta koma awa shida da rabi ko bakwai, ba sa shiga. Sai dai a ajiye wasu matuƙan a Jidda, ko jirgi ya kwana har su huta. Amsar wannan tambayar ita ke faɗin ko jinkirin komowa zai zama na awa biyu ko na yini.

Harami a jiki tun daga Kano, ko a jakar hannu a ɗaura a zango. Malami yana zama kusa da gaba, kuma ba ya jiran sanarwa: idan taswirar jirgi ta nuna saura minti 40 a sauka, sai ya zagaya ya ce a shirya, a yi niyya kafin a kai daidai miƙatin, tunda gabatar da ita ya fi a wuce. Inda aka samu jirgin Madina ana fifita shi, domin can babu wannan fargabar, a natse ake yin harama a Zul Hulaifa ranar tafiya Makka.

Magani, dabino, biskit da gorar ruwa da za a cika bayan bincike, duk a jakar hannu. Masu allurar suga ana tura su wurin likitansu kafin tafiya da takardar tsarin a hannu, don ya tsara musu lokutan ranar farko.

Maris zuwa Afrilu 2024: gwajin Ramadan

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. Kamfani ya fitar da ayari biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya ta Addis.

Na kai tsaye an tsara masa ƙarfe 11:00 na dare, bai ɗaga ba sai 1:20. Saƙo ya tafi 1:22. Ya yi awa shida da minti 25, ya sauka 7:45 a agogon Kano, 9:45 a Jidda. Cunkoson Ramadan ya sa fita ta ci awa uku. Bas ya iso minti 20 kafin mutum na farko ya fito. Aka isa Makka bayan ƙarfe biyu. Masaukan Makka galibi sai ƙarfe huɗu na yamma suke ba da ɗaki, amma an riga an kama ɗakuna biyu tun daren jiya don tsofaffi da ajiye kaya, sauran suka wuce Harami.

An kuma yi musu bayanin azumin ranar tafiya. Tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da rabi na faɗin duniya, kowane digiri minti huɗu ne na rana, awa biyu da 'yan mintoci ke nan. Mai zuwa gabas alfijir yana riskarsa da wuri kuma yininsa yana gajarta, mai komowa da rana yininsa yana tsawo. Sahur a jirgi ba a bin agogon Kano, buɗa baki kuma sai an ga rana ta faɗi ta tagar jirgin, ba da lokacin garin da ake wucewa ta samansa ba, don daga can sama rana tana jinkirin ɓacewa. Wanda ya ɗauki sauƙin matafiyi ya ajiye azumin, ba a hana shi ba.

A komowa bayan Sallah, wadda aka yi 10 ga Afrilu, jirgi ya makara da awa uku. Iyalai ba su bar gida ba sai da saƙon ɗagawa ya shigo. Da ofis ya ga saukar za ta wuce ƙarfe takwas na dare, tun jirgi yana sama ya tabbatar da ɗakunan 'yan nesa da aka riga aka yi cinikinsu bisa sharaɗi.

Hukunci

Jiragen ba su daina makara ba. A Ramadan 2024 ma sun makara da awa biyu, da awa uku. Abin da ya canza shi ne makarar ta daina jan bas, masauki da iyalai ta faɗi da su.

Gyara na farko ya gaza ne saboda ya ɗauki matsalar a matsayin lamba guda da ta ƙaru, alhali hanya ce ta sauya, kuma da ta sauya ta taɓa mai, matuƙa, irin jirgin da kusurwar da ake shigowa Jidda. Na biyu ya fi muni, kuma laifin ba na matashin da ya yi lissafin ba ne shi kaɗai. Tambayar da aka ba shi ce ba daidai ba. An ce ya nemo hanya mafi kusa, ya nemo. Bambancin kilomita 400 da ke tsakanin hanyar Alƙahira da ta Addis rabin awa ce a sama, alhali zango ɗaya da ya ɓaci ya ci awa 11. Raba tikiti kuwa shawarar masu kamfani ce, kuma ita ce ta mai da kuskuren agogo ya zama asarar kuɗi. Disamba ta tabbatar da haka: jinkirin jirgin farko ya fi na Satumba girma, asarar ba ta kai kusa ba.

A cikin gyare-gyaren, saƙon ɗagawa ne ya fi arha kuma ya fi amfani. Duba tashin kwanakin baya yana biye da shi, sai dai yana da iyaka: jirgin haya da bai taɓa bin hanyar ba ba shi da tarihin da za a duba, a nan dole a koma lissafin nisan zagaye a ƙara awa guda. Batun harami kuwa tun farko bai kamata a rataya shi a kan hanyar da jirgi zai bi ba, tunda ba malami ba ne yake zaɓen ta.

Tsarin yana da tsadarsa. Tikiti guda ya fi rababbe kuɗi, ɗakunan daren jiya ma kuɗi ne, kuma wasu maniyyata sun koma wurin masu rahusa. Har yanzu tsofaffin alhazai sukan shigo ofis su ce ai Jidda awa huɗu ce, sun je sau biyar. Ba a musu da su. A saman sabuwar takardar an bar layi guda da ake cikewa da biro: lambar jirgi, hanyar da ya bi a makon jiya, awannin da ya yi, da ranar da aka duba. Idan ranar ta wuce kwana bakwai, ba a raba takardar sai an sake dubawa.